Yadda Sunan Erondu Ya Hau Faifai

Duk wanda ya zauna a Aba bayan yaƙin basasa, lokacin da kiɗan rok ya haukata mana samari, ya san Erondu Ɗan Landan. In ma bai san shi ba, to ya san kwat ɗinsa. Wata kwat ce ta ulu mai kauri kamar bargo, ba ya rabuwa da ita ko da rana na narka kwalta. Gumi na tsiyaya ta haɓarsa, shi kuwa sai ya ɗaga wuyan kwat ya ce, "Jikina ne bai gama sabawa da ƙasar nan ba."

Ya ɓace daga gari na 'yan shekaru, ya dawo da kwat ɗin nan da baki cike da Landan. Ka ce masa ina kwana, ya ce a Landan ba a tsayawa gaisuwa. Ka miƙa masa teba, ya ce a Landan da cokali mai yatsu ake cin ta, sannan ya wanke hannu ya share kwanon tas.

A bayan shagon Nwogu kafinta akwai wani ɗaki inda wasu samari ke gwajin kiɗa. Damisan Lantarki suke kiran kansu. Mawaƙinsu Riki Danja ne, siririn yaro mai hular gashi kamar kwando, in ya kurma ihu har kajin unguwa sai sun watse. Mai gangunansu kuwa Sande, wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya ko a coci. Ba wanda ya naɗa Erondu manajansu. Wata rana ya leƙo ya ce musu a Landan ba haka ake riƙe jita ba, washegari ya dawo da kujerarsa, shi ke nan.

Amma a yi masa adalci, ya yi abu ɗaya. Ya bi wani Bayarabe mai suna Mista Akinwale, wakilin wani kamfanin faifai na Legas, ya ishe shi da surutu a tasha da masauki har mutumin ya gaji ya ce zai zo ya saurari yaran ranar Lahadi da rana, a zauren otal ɗin Cif Ubani. In sun yi masa, za a buga musu faifai.

Ran nan Erondu ya hau kan bencin Nwogu ya tara unguwa.

"Ku shaida! Kafin Kirsimeti sunana zai hau faifai. A bayansa za a rubuta: Manaja, Erondu. In bai hau ba, kada wanda ya sake kirana Ɗan Landan."

"Da mun huta," in ji Nwogu, yana fiƙe katako.

"Kai ka san katako, ni na san fage. Ku saurara, yara. A Landan ba a sako babban gwani haka kawai kamar an kwance akuya. Sai an fara sa masu buɗe fage. Ga kuma sirrin da ba kowa ya sani ba: mai buɗe fage dole ya zama lami. Ka fara ba mutum miya ba gishiri. In ka kawo mai gishirin, har kwanon zai lashe."

"To su wa za su buɗe mana?" Riki ya tambaya.

"'Yan Matan Zinariya."

Sande ya saki sandunan kiɗa. "'Yan mata, Manaja? Su nawa? Daga ina?"

"Ranar Lahadi idonka zai ba ka labari."

Da yaran suka koma ɗaki suna tsalle, Nwogu ya jawo Erondu gefe. "Gaya min gaskiya, su wane ne?"

Erondu ya rage murya, yana murmushin mai wayo. "Umuadan ƙauyenmu."

Guduma ta suɓuce daga hannun Nwogu, saura kaɗan ta sauka a kan yatsarsa.

Ai dole. Umuada fa, 'ya'yan gida mata da suka yi aure a wasu garuruwa, waɗanda ke dawowa in an yi mutuwa ko rigima ta gagari maza. Su ne ke zagaye gawa su raka ta da waƙa, su ne ke cin dagaci tarar akuya ya biya yana godiya. Suna shiga lokacin da suka ga dama, su fita lokacin da ransu ya yi fari. Ko yaron goye a ƙasar nan ya san haka.

"Erondu, tun da uwarka ta haife ka, ka taɓa ganin wanda ya ce wa Umuada su tashi suka tashi?"

"Tsofaffi ne, malam. Waƙa biyu za su yi, gwiwa ta sallame su. Samari su yi hamma, su yi tsaki, sai in sako Damisa. Yanzu dai ara min wancan akwatin gawar."

"Aro? Wanda duk ya shiga wannan ba ya dawo da shi."

"Wannan zai dawo. Riki zan sa a ciki. A ɗauko shi cikin hayaƙi, a dire a tsakiyar dandamali, in ƙwanƙwasa, ya faso murfi da ihu. A Landan har suma mata ke yi."

"A nan ma za a suma," in ji Nwogu. "Ban dai san wa zai fara ba." Ya ɗauki abin huda katako ya yi wa akwatin 'yan ƙofofin shan iska a murfi, yana girgiza kai.

Erondu ya je ƙauye da goro da kwalba ya durƙusa gaban gwaggonsa, Daa Oyidiya, shugabar Umuada. Bai ce mata buɗe fage ba, ina zai fara? Cewa ya yi yana da ɗan biki a birni, wani babban mutum zai zo daga Legas, yana son iyayensa mata su ɗan taɓa waƙa. Ta ce, "Bikin ɗanmu ai namu ne." Shi ya ji daɗin amsar. Da yana da hankali da a nan ya fara kuka.

Ranar Lahadi, tun kafin a buɗe ƙofa, ya shafa wa Riki farin alli a fuska, ya kwantar da shi a akwati cikin ɗakin ajiya na bayan dandamali, ya rufe. "Kada ka motsa sai ka ji ƙwanƙwasata. Tauraro ba ya bari a gan shi kafin lokaci."

Ana tashi daga coci zaure ya cika. Samari da gashi tsiri-tsiri, wanduna masu faɗin ƙafa suna share ƙasa, takalma masu tudu kamar an ɗaura musu turmi. Sai fito suke suna kiran 'Yan Matan Zinariya. Mista Akinwale ya zauna a gaba da laƙataye a wuya, ya gaya wa Erondu lallai zai kama hanya kafin rana ta faɗi.

Sai ga lori ya tsaya a ƙofar otal.

Erondu ya yi tsammanin tsofaffi shida ko bakwai. Abin da ya sauko daga lorin nan ya fi ƙarfin ƙirga. Mata ne riƙi-riƙi, zani iri ɗaya, ɗaurin kai kamar za su taɓo silin, kowacce da tulun kiɗanta a hammata da 'yar kujerarta a ka, wasu da kuge, wasu da caki. Suka shigo a jere suna taku ɗaya. Fito ya mutu a bakin samari.

Sande ya matso. "Manaja, ina zinariyar?"

"Ga ta can a haƙorin waccan. Rufe min baki."

Daa Oyidiya ta tsaya gaban Erondu ta dube shi sama da ƙasa. "Ɗana, zazzaɓi kake yi?"

"A'a, Daa."

"To me ya sa ka lulluɓa da bargo?"

"Kwat ce, Daa. Ku hau ku fara, waƙa biyu kawai, baƙonmu na sauri."

"Mu fara? Ina goro? A gidan wa aka taɓa buɗe baki ba a fasa goro ba?"

Aka nemo goro. Goro kuwa sai namiji mafi tsufa a wurin ya fasa, aka je aka taso mahaifin Cif Ubani daga barcin rana. Tsoho ya ɗaga goro ya shiga addu'a. Ya yi wa masu rai, ya yi wa kakanni, ya yi wa doya da rogo, ya yi wa direban lori, ya dawo kan kakanni saboda ya manta mutum biyu. Mista Akinwale ya duba agogo.

Da aka gama, Daa Oyidiya ta hau dandamali ta kama makirfo kamar taɓarya ta daka tsawar gaisuwar taro: "Aba kwenu!"

"Yaa!" Zaure gaba ɗaya ya amsa. Samarin nan masu kwaikwayon Turawa ba su san lokacin da bakinsu ya buɗe ba. Suka dubi juna cikin kunya.

Wani mai jan wando ya yi ƙarfin hali daga baya. "Mu rok muka zo ji! A sauko da kakanni!"

Daa ta kare ido da tafin hannu. "Kai mai jan wando, ba ɗan Ihuoma mai busasshen kifi ba ne? Kunnuwan ubanka ne a kanka. Uwarka ta san kana nan?"

Mai jan wando ya nutse cikin kujera. Ba a sake jin tarin kowa ba.

Sai tuluna suka fara magana. Dum, dum-dum, dum. Kuge ya shigo, caki ya biyo, wata siririyar murya ta ɗauki waƙa daga tsakiyar mata, sauran suka amsa kamar rufin zai ɗaga. Erondu ya leƙo daga gefe yana jiran hamma. Hamma dai ba ta zo ba. Ƙafafu ne suka fara cin amanar masu su, takalma masu tudu suna buga ƙasa a ɓoye. Kafin waƙa ta biyu ta ƙare, mai jan wando ne a gaba yana karya kugu. Masu wucewa a titi suka ji, suka danno. Matan kasuwa suka shigo da farantansu, aka fara liƙi.

"Waƙa biyu ta cika," Erondu ya raɗa wa Nwogu, wanda ya zo ganin abin da zai sami akwatinsa. "Yanzu za su sauka."

"Wannan waƙar tana da ƙanwa," in ji Nwogu. "Ƙanwar ma tana da goyo."

Haka kuwa aka yi. Erondu ya zaro hankici ya tsaya a gefen dandamali yana kaɗa musu, wai su tsaya. Daa Oyidiya ta gani ta yi guɗa. "Mai biki yana son rawa!" Kafin ya ce wani abu hannaye sun fizgo shi tsakiya, an ɗaura masa zani a kan kwat, an kewaye shi. Ɗan gida ba ya ƙin rawar Umuada. Ya taka, ya juya, ya durƙusa, gumi ya cika masa takalmi. Da kyar ya sulale ta ƙarƙashin hammatar wata.

Ya tsaya yana haki. "Abinci! Ba tsohuwar da ke jin ƙamshin shinkafa ta ci gaba da waƙa."

Ya sa aka jera shinkafa da naman akuya da bammi a tsakar otal, ya sanar. Daa ta yi godiya ta raba rundunarta biyu. Rabi suka sauka suka ci, rabi suna waƙa. Waɗanda suka ƙoshi suka hau da sabon ƙarfi, sauran suka sauka. Kiɗa bai yi ko tari ba.

"Ka ƙara musu mai," in ji Nwogu.

Mista Akinwale ya yafito Erondu. "Ina yaran naka? Rana tana tafiya."

"Yanzun nan, ranka ya daɗe. Haka ake yi a Landan, sai an ja wa mutane rai."

Ya zagaya baya ya kashe wutar otal ɗin gaba ɗaya. Makirfo ya mutu, fankoki suka tsaya. To, tulu ya taɓa neman lantarki? Matan da ke kai murya ƙauye uku ranar makoki, me makirfo ya tsinana musu? Ko lura ba su yi ba. Cif Ubani ne kawai ya lura, don ƙanƙararsa ta fara narkewa, ya biyo Erondu da sanda har ya mayar da wuta.

Nan fa Erondu ya ga faifai na shirin tashi sama yana kallo. Tsoro ya kama shi sosai, don ya tuna rantsuwar da ya yi a kan benci gaban unguwa. Ya tara sauran Damisa a ɗakin ajiya.

"Ku ɗauko akwati. Mata tsoron gawa suke. Suna ganinsa za su watse, fage ya zama namu."

Nwogu ya riƙe masa hannun kwat. "Waɗannan? Erondu, gawa ce ke tsoronsu. Sana'arsu ke nan fa!"

"Sake ni. Ka taɓa zuwa Landan?"

Aka kunna ɓawon kwakwa a cikin gwangwani, hayaƙi ya turnuƙe. Mai jita ya ja wata tsirkiya ta yi kuka kamar kyanwar da aka taka wa wutsiya. Sande da sauran suka fito ɗauke da akwatin gawa a kafaɗa, Erondu na gaba yana taku ɗai-ɗai, suka dire shi a tsakiyar dandamali.

Tuluna suka yi tsit. Wasu samari biyu suka fita ta taga. Erondu ya juya ya kashe wa Nwogu ido, wato ka gani?

Sai Daa Oyidiya ta ɗora hannu biyu a ka ta rusa wani ihu da ya fi na Riki Danja nesa ba kusa ba. Mata suka miƙe gaba ɗaya, suka kwance ɗankwali suka ɗaure ƙugu, suka yi wa akwati zobe.

"Wa ya mutu a gidanmu ba a gaya wa Umuada ba?" Ta shaƙo wuyan kwat. "Erondu! Ashe makoki ka kira mu ka ce biki? Ka bar mu muna rawa gawa na kwance a bayan ɗaki?"

"Daa, ba gawa ba ce, wasa ne. Ku matsa ku ga abin mamaki." Ya ƙwace ya ƙwanƙwasa murfi, ya ja da baya ya ware hannuwa.

Shiru.

Ya sake ƙwanƙwasawa da ƙarfi. Ko motsi. Ya durƙusa ya kafa baki a 'yar ƙofar iska. "Riki! Fito mana!"

Wata 'yar murya ta fito daga ciki tana rawa. "Manaja, ba zan fito ba. Uwata tana nan."

"Wace uwa kuma?"

"Mai siririyar muryar nan da ke ba da waƙa. Tun ɗazu nake jin ta. Ita ta san ɗinkin takalma nake koyo a Aba."

"Tauraro ba shi da uwa! Fito!"

"Je ka gaya mata da bakinka."

Erondu ya kama murfi ya ja, Riki ya riƙe ta ciki. Ya ja, aka ja. Bai taɓa tambayar yaron nan sunansa na gaskiya ba, balle garin da uwarsa ta fito, don a cewarsa a Landan ba a tambayar asali.

"Jama'a, yana raɗa da gawa!" wata ta yi kururuwa.

"Gawar ma tana ja da shi!"

"Dama na ce kwat ɗin nan ba ta banza ba ce. Asiri ne!"

Daa Oyidiya ta ture shi gefe. "Ba mai taɓa mamacin nan sai mun san ɗan wane ne. Ku zauna a kai." Mata biyu, waɗanda lori ya fi jin nauyinsu, suka haye murfi suka baje zannuwa, suka toshe ƙofofin iskar Nwogu kaf. Aka ɗauki waƙar makoki, mai siririyar murya tana ja, hawaye na zuba. Har Mista Akinwale ya miƙe ya sunkuyar da kai don girmama mamaci.

Erondu na zagaye yana roƙo. "Ku tashi, zai mutu!"

"Zai mutu? Ai ya riga ya mutu, ɗan banza!"

Ba a jima ba akwati ya fara bugu daga ciki. Gaf! Gaf! Gaf! Matan biyu suka dubi juna. Gaf! Suka yi tsalle ɗaya suka dira ƙasa, abin da gwiwarsu ta shekara ashirin ba ta yi ba. Murfi ya yi sama. Riki Danja ya miƙe zumbur, fuska fara fat, gumi ya zana mata layi-layi, hular gashi ta karkace, sarƙa na lilo a wuya, ya ja iska ya kurma ihun da bai taɓa yin irinsa a gwaji ba.

Zaure ya kife. Kujeru suka karye, bammi ya malale, mahaifin Cif Ubani ya riga kowa kaiwa ƙofa. Umuada da kansu suka ja baya suna kiran Yesu.

Mace ɗaya ce ba ta motsa ba, mai siririyar murya, Daa Uloma. Ta matso a hankali ta leƙa fuskar fatalwa. Ta lashi yatsa ta goge allin goshinsa, wani tsohon tabo ya bayyana.

"Ikechi?"

Fatalwa ta sunkuyar da kai. "Mama, ina wuni."

Ta rungume shi ta fashe da kuka na gaske, tana shafa kansa da kafaɗunsa tana duba ko da abin da ya ragu. Da ta tabbata ɗanta cikakke ne, sai ta cire hular gashin ta jefar, ta murɗe masa kunne.

"Takalmin da kake ɗinkawa ke nan? Na sallame ka da doya da addu'a ka koyi sana'a, ka zo kana kwana a akwatin gawa? Wa ya sa min ɗa a ciki da ransa?"

Yatsun Damisa, da na Nwogu, da na Cif Ubani, duk suka nuna wuri ɗaya.

Erondu ya gyara wuyan kwat. Da ya durƙusa ya ba da haƙuri, da akuya ɗaya ta kashe maganar. Amma mai hali ba ya fasa halinsa. Ya ɗaga hanci ya ce, "Ku ba ku waye ba ne. A Landan haka ake yi."

Daa Oyidiya tana tsaye daidai bakin makirfo, wuta kuma ta dawo.

"Wace Landan?"

"Daa..."

"Na ce wace Landan? Ba ni ce nake aika maka garin rogo ta hannun direban lori duk wata ba, lokacin da kake wanke kwanuka a gidan abincin bakin ruwa a Fatakwal? Yaushe lori ya fara zuwa Landan? Bargon nan ma ba a gwanjo ka saye shi ba? Na yi shiru ne don rufin asirin gida, kai kuma ka ɗauko jikanmu ka sa a akwati!"

Lasifika ta kai maganar har titi. Waɗanda suka gudu suka dawo da gudu don kada a ba su labari.

Wanda ya ɓata wa Umuada rai ba duka suke masa ba, waƙa suke masa. Daa ta taɓa tulu, Daa Uloma ta share hawaye ta ɗauka nan take:

"Erondu ya tafi Landan,
Landan ta bakin ruwan Fatakwal.
Ya wanke kwano, ya wanke tukunya,
Ya dawo da bargo yana gumi."

Mata suka amsa: "Erondu, cire kwat ka sha iska!"

Wayyo, amshin nan kamar an shafa masa zuma. Zagaye na biyu duk zaure ya ɗauka. Sande yana zaune bayan gangunansa yana matse hannuwa a cinya, ya dubi manajansa, ya dubi sanduna, ya ce, "Manaja, ka yafe ni," ya rufe ido ya afka. Daa Uloma ta ja kunnen ɗanta har gaban makirfo. "Tunda ihu ka iya, amsa wa uwarka!" Ikechi ya rataya jita ya tsaga ta. Tulu na dum-dum a ƙasa, jita na kuka a sama, uwa na bayarwa, ɗa na amsawa da ihu, ƙafarsa ɗaya a kan akwatin gawa. Tun da aka gina Aba ba a taɓa jin abu irin wannan ba. Mista Akinwale ya cire laƙataye ya ɗaure ƙugu da shi, rana ta faɗi bai ko waiwaye ta ba.

Da ƙura ta lafa, Erondu ya lallaɓa wajensa. "Ranka ya daɗe, ni ne manajan. Duk abin nan tsari ne."

Mista Akinwale ya kama hannunsa da hannu biyu yana dariya har da hawaye. "Kai ne Erondu? Kai, na gode! Sunanka zai fito, na yi maka alkawari, da manyan baƙaƙe."

Erondu ya koma unguwa yana gaya wa kowa an gama magana.

Faifai ya fito ana saura kwanaki Kirsimeti. A gaba ga hoton Damisan Lantarki tsugune, Umuada tsaye a kansu da tuluna. A sama, da jan rubutu ƙato-ƙato: ERONDU CIRE KWAT. Erondu ya juya bayan faifan. Manaja: Daa Oyidiya.

Umuada kuma ba su manta da shari'a ba. Suka ci shi tarar akuya, wadda zai kai ƙauye da ƙafarsa. Nwogu ya sa aka dire masa akwatin a ƙofar ɗaki, ya ce ba mamacin da zai yarda ya shiga kwancen wani.

Ranar kai tara ya ratso gari yana jan akuya. Kowane shagon faifai sunansa ke tashi. Masu gyaran keke na yi, masu soya ƙosai na yi, yara sun biyo shi a baya suna tafi. Nwogu ya leƙo daga shago.

"Erondu Ɗan Fatakwal! Ka cika alkawari, sunanka ya hau."

Erondu ya tsaya ya gyara wuyan kwat. "A baya na ce za a rubuta. Sai ga shi a gaba. Kai sunanka ko a jikin benci an taɓa rubutawa?"

Ya wuce yana taku ɗai-ɗai har ya fita gari, yaran suka gaji suka koma. Ya kai inda ba kowa sai itatuwan kwakwar manja. Ya duba gabas, ya duba yamma. Sannan ya ɓalle maɓallai ya zare kwat ɗin, ya zauna a gindin bishiya. Iska ta bugi jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya lumshe ido ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, don rabonsa da jin daɗi irin wannan tun kafin ya tafi Fatakwal.

Da ya buɗe ido, akuya ta kama hannun kwat tana tauna. Ya ɗaga hannu zai make ta, sai ya fasa.

"Ci a hankali," ya ce mata. "Kayan Landan ne."